Babur iri ɗaya muke hawa da abokina, amma nawa rawa yake min a kwana

Wani ɗan'uwa ne ya kawo tambaya, yace shi da abokinsa babur iri ɗaya gare su, kusan lokaci ɗaya ma suka saya, amma in sun shiga kwana na abokin sai ya kwanta sumul ya wuce abinsa, nasa kuwa sai kan ya kama rawa, wani lokacin ma ya ji babur ɗin na buɗewa yana neman kai shi hannun masu tahowa. Sau biyu yana kai wa bakanike ana dubawa ana ce masa lafiya lau. Shine yake tambaya wai yadda mutum yake tuƙi yana iya hana babur natsuwa ne, ko dai akwai abinda bakaniken bai gano ba.

Toh ɗan'uwa, eh yana iyawa, sosai ma kuwa. Kuma akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama, ku yi musanya kai da abokin naka, ya hau naka ka hau nasa ku bi kwanar da kuka saba bi a hankali. In rawar ta biyo ka kan nasa babur ɗin kaga magana ta ƙare, daga hannunka ne. In kuma ta tsaya a kan naka har shi ma ya ji ta, sai a koma a duba iskar taya tun da safe kafin ta ɗau zafi, a duba ko tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya ko ta baya ta yi faɗi a tsakiya, a duba boris ɗin wuyan babur ko ya saki ko ya yi gurbi, sannan shoka. Amma a shekarun da na yi ina koya wa mutane babur, yawancin masu zuwa min da irin wannan ƙorafin babur ɗinsu ƙalau yake, su ne suke faɗa da shi basu sani ba.

Abinda mutane da yawa basu yarda da shi ba shine babur in yana tafiya ya iya tsayuwa da kansa. Ba ƙarfin damtsenka ne yake riƙe shi ba. Duk wanda ya taɓa kallon tseren babura zai tuna wani lokacin direba ya faɗo amma babur ya miƙe ya ci gaba da gudu shi kaɗai har sai ya daki wani abu. Dalili kuwa yadda aka ƙera gaban ne. In ka ja layi ta cikin wuyan da kan yake juyawa a kai har ƙasa, zaka ga layin ya sauka gaba da inda taya ta taɓa kwalta, tazarar kusan santimita 10 a yawancin baburan kan titi. Wato tayar a bayan layin take ana janta, kamar ƙananan tayoyin kujerar ofis da duk inda ka tura sai su juya su bi. Saboda wannan tazarar da yadda nauyin gaban ya rabu da kuma juyin tayar kanta, duk sanda babur ya fara karkata hagu sai kan ya ɗan juya hagu da kansa, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyin, babur ya miƙe. Kamar dai ka tsayar da sanda a tafin hannu, in ta fara faɗuwa gaba ai gaba kake kai hannun ka taro ta. Babur yana yin wannan gyaran ba ƙaƙƙautawa, ƙanana ƙanana, baka ma ji.

To yanzu ka ɗauka ka damƙe mariƙan nan biyu tam, gwiwar hannu a miƙe kamar ƙarfe, kafaɗa ta haye kunne, duk nauyin ƙirjinka ya sauka kan hannu. Me ka yi? Ka kulle kan. Gyaran da babur yake son yi ka hana shi, sannan duk wata gargada da tayar gaba ta taka sai ta shiga hannunka ta ratsa jikinka ta dawo cikin kan a matsayin wata sabuwar juyawa da ba wanda ya nema. Ita ce rawar da kake ji. Kuma abin haushin shine da ta fara sai tsoro ya sa ka ƙara damƙewa, ita kuma ta ƙaru. Ina iya gane mai wannan matsalar tun kafin ya tada babur, da na ga yatsunsa sun ɗaure jijiya ta fito nasan inda za mu fara.

Gyaran shine ka maida riƙon ƙasa. Gwiwoyinka su matse tanki, tafin ƙafa ya zauna daram kan mataki, cikinka da bayanka su ɗauki gangar jikinka, hannu kuma ya zama aikinsa bada umarni kawai, ba jingina ba. Gwiwar hannu a lanƙwashe. Gwada wannan a miƙaƙƙen titi da ba cunkoso, kana tafiya ka ɗan kaɗa gwiwar hannunka sama da ƙasa kamar kaza na fiffike, in ka kasa ko kuma babur ya girgiza da ka yi, to kan ne yake ɗauke da kai. Riƙon da ake so kamar ka riƙe ɗan tsako ne, kar ya kubce kar kuma ka shaƙe shi.

Sai maganar da tafi ɗaure wa mutane kai, yadda ake shigar da babur kwana. In na tambayi ɗalibi ya kake yin dama, sai yace ina karkata jikina dama ne ko kuma ina juya kan dama. Duk biyun ba haka abin yake ba. Da zarar gudu ya wuce kamar kilomita 20 a awa, in kana son yin dama mariƙin dama kake turawa gaba, wato na ɗan ƙiftawar ido kan yana kallon hagu ne, sai tayar gaba ta fice hagu daga ƙarƙashinka, babur ya faɗo dama, daga nan kan ya dawo da kansa ya bi kwanar. Tura dama ka tafi dama, tura hagu ka tafi hagu. Duk wanda ya iya keke ma yana yin haka, jikinsa ya sani kansa ne bai sani ba. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi da jirgin sama a 1903, asalinsu masu sana'ar keke ne, ya taɓa rubuta cewa ya tambayi masu keke da yawa yadda suke yin kwana bai samu wanda ya faɗi daidai da farko ba. Kaga ruɗanin ya daɗe.

Zaka ce toh in jikina ya riga ya iya meye amfanin sani? Amfanin yana zuwa ne ranar da kwana ta fi yadda ka zata matsewa, ko wani abu ya faɗo maka titi. Wanda bai san abinda hannunsa yake yi ba in ya firgita sai ya yi ƙoƙarin murɗa kan zuwa inda yake son zuwa kamar sitiyarin mota, shi kuma babur sai ya miƙe ya tafi ɗaya ɓangaren. Ina kyautata zaton buɗewar da kace babur ɗinka yana yi daga nan take, hannun ciki yana turawa hannun waje kuma ya ƙage yana hanawa, biyun suna kokawa babur ya rasa na wa zai bi. Ka bar hannu ɗaya ya yi aikin. A kwanar dama hannun dama ne mai magana, na hagu ya yi laushi ya bi. In kwana ta ƙara matsewa ƙara tura na cikin, babur zai ƙara kwanciya. Nauyin jiki yana taimakawa kam, amma a hankali yake aiki, kuma in babur mai nauyi ne yana gudu ko ka rataye a gefensa da ƙyar zai saurare ka in baka taɓa kan ba.

Ido kuma shi ne shugaba. Inda ka kalla can zaka. Wannan ba karin magana bane, haka jikin ɗan Adam yake aiki, hannu yana bin ido ba tare da ya yi shawara da kai ba. Ka ga rami ka ƙura masa ido kana cewa kar in faɗa kar in faɗa, wallahi cikinsa zaka. Ka shiga kwana ka tsorata ka kalli bakin titi ko motar dake tahowa, can babur zai nufa. Dole ka koya wa kanka kallon mafita, ba abinda kake tsoro ba, kuma ba da wutsiyar ido ba, juya kai gaba ɗaya haɓarka ta nuna inda kwanar take fita. Masu kallon ƙasa dab da tayar gaba su ne kullum komai yake zo musu ba zato. Lissafa ka gani, a gudun kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 duk sakan ɗaya, a 100 kuma kusan mita 28. In idonka mita 10 kawai yake gani gabanka ai ka riga ka taka abin kafin ƙwaƙwalwa ta gama karanta shi. Wani abin kuma da na lura, da mutum ya ɗaga ido ya hango nesa sai gudun ya daina ba shi tsoro, kafaɗa ta sauka, hannu ya saki da kansa.

Yanzu gudun shiga kwana. Nan akwai lissafin da ya kamata kowane mai babur ya haddace. Kwanciyar da babur yake buƙata ba a hankali take ƙaruwa da gudu ba, in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin da taya za ta riƙe a gefe sau huɗu yake ninkuwa. Ɗauki kwanar da daga tsakiyar da'irarta zuwa inda kake bi mita 50 ne. A kilomita 40 a awa kwanciyar digiri 14 kawai kake buƙata, ko goyo ka ɗauko bazai ji komai ba. Kwanar nan dai a kilomita 80 sai ka kwanta digiri 45, wanda yake dab da iyakar abinda taya mai kyau take iya riƙewa a busasshiyar kwalta mai tsabta, kuma ƙananan babura da yawa kafin nan ma mataki ko jak ya fara kartar ƙasa. Masu tseren MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, suna wuce digiri 60, amma da irin tayarsu da irin kwaltarsu, kar ma ka kwatanta. Kuma duk wannan riƙon a kan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba yake a kowace taya.

Shi yasa nake cewa a gama komai kafin kwana. Rage gudu, sauke giya, duk babur na tsaye. Sannan ka kalli mafita, ka tura mariƙin, da babur ya kwanta ka ɗan buɗe totur kaɗan ka riƙe shi daidai, in ka hango fita ka riƙa ƙarawa a hankali kana miƙewa. Riƙon taya kamar kuɗin aljihu ne guda ɗaya, in ka kashe mafi yawansa wajen kwanciya saura kaɗan ya rage na birki ko na wuta, in ka nemi fiye da abinda ke akwai sai ta zame.

Totur a cikin kwana yana da tasiri fiye da yadda ake zato. In kana riƙe da shi daidai nauyi yana zama a rabe tsakanin gaba da baya, shoka tana tsakiyar aikinta, sarƙa a miƙe ba ta fizga. In ka sake shi gaba ɗaya farat ɗaya sai nauyi ya ruga gaba, gaban ya nutse, tayar gaba da dama tana fama da kwana a ƙara mata kaya. In kuma ka murɗa da ƙarfi kana kwance ta baya ce za ta sulɓe. Mafi muni mai buɗewa ya rufe ya buɗe ya rufe, babur ya yi ta sunkuyo yana ɗagowa, ina natsuwa za ta fito? Haka riƙe kuloci a shiga kwana babur na gangarawa ba wuta, mutane da yawa suna yi suna ganin dabara ce, alhali sun cire abinda yake daidaita babur ɗin ne. Birkin gaba kuma in ka matsa shi kana kwance yawancin babura miƙewa suke son yi, in sun miƙe kuwa sai su buɗe, kaga an gudu ba a tsira ba. Ba wai haramun bane taɓa birki a kwana, ƙwararru suna shiga da ɗan birki suna sakinsa a hankali yayin da suke kwanciya, amma wannan sai hannu ya nuna. Kai a yanzu in dole ta kama ka tsaya a tsakiyar kwana kuma akwai fili, fara miƙar da babur tukuna sannan ka matsa.

Tunda mun zo birki bari in tsaya a nan, don nan ne aka fi cutar mutane da gurguwar shawara. Ana gaya wa sabon mahayi kar ka kuskura ka taɓa birkin gaba zai wurga ka. Ƙarya ce mai kashe mutane. Duk sanda ka rage gudu nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa riƙonta ya ƙaru, ta baya ta yi sakayau. Saboda haka a tsayawa ta gaske kusan kashi 70 cikin 100 na aikin ko fiye birkin gaba ne yake yi. Mai dogaro da na baya kaɗai tafiyar da zai yi kafin ya tsaya ta fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma da ya ɗan ƙara takawa tayar ta kulle ta fara jan ƙasa gindin babur ya fara lilo. A 1981 an fitar da rahoton wani bincike da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, sun bi haɗurran babur 900 a yankin Los Anjalas ɗaya bayan ɗaya, cikin abinda suka gano akwai cewa yawancin mahayan suna danne birkin baya har taya ta zame, na gaba kuma basa matsa shi yadda ya kamata, sannan iya tura mariƙi a kauce wa abu kusan babu shi sam a lokacin da ake buƙata. Shekara sama da 40 kenan amma har gobe abinda nake gani kenan a wajen ɗalibai.

Abinda yake kada mutum ba birkin gaba bane, cafkar sa ne. In ka fizge shi lokaci guda, taya ta kulle kafin nauyi ya iso kanta, sai gaba ya zame ka sha ƙasa kafin ka ce me. Yadda ake yi kashi biyu ne amma a haɗe, ka fara taɓawa a hankali har ka ji gaban ya ɗan nutse, sannan ka ci gaba da matsewa kana ƙarawa kamar mai matse soso. Duk abin bai kai sakan ɗaya ba. Ƙafa kuma tana kan na baya da sauƙi, tana ragewa yayin da gaba yake ɗaukar nauyi. Gwiwa ta matse tanki don kar nauyinka ya zube kan hannu, ido a gaba ba a ƙasa ba. In ka ji tayar gaba ta kulle saki nan take ka sake matsawa. Ta baya kuwa in ta kulle har gindin ya fita gefe sosai kana gudu, sakin ta farat ɗaya yana da haɗari, don in ta sake kama ƙasa babur a karkace zai iya fizgewa ya cilla ka ta sama, kuma wannan faɗuwar tafi ta zamewa muni. Kuma ka tuna shi ma nisan tsayawa lissafinsa irin na kwana ne, ninka gudu sau biyu nisan birki ya ninku sau huɗu.

Na'urar ABS da take hana taya kullewa ta taimaka ƙwarai, BMW ne suka fara sa ta a babur na kasuwa a 1988, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a sababbin baburan da girman injinsu ya wuce cc 125 daga 2016, Indiya ma ta bi sahu. In babur ɗinka yana da ita madalla. Amma ita ba ta matsa maka birkin, wanda yake tsoron taɓa na gaba ko da ABS ɗin haka zai je ya daki abin.

Sauke giya ma birki ne a fakaice. Ka sauko daga ta huɗu zuwa ta biyu ka saki kuloci gaba ɗaya, tayar baya za ta yi ƙara ta ja ƙasa kamar ka taka birki. Ɗaya bayan ɗaya ake saukewa, a saki kuloci a hankali, in ka iya ɗan taɓa totur kafin ka saki ya fi daɗi.

A tafiyar hawainiya kuma, kamar cikin cunkoso ko juyawa a ƙaramin wuri, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Nan babur bashi da gudun da zai tsayar da kansa, kai ne zaka yi. Ka ɗan ɗaga wuta ka riƙe, kuloci a rabi daidai inda yake fara kamawa, ƙafa tana ɗan jan birkin baya. Haɗin ukun nan yana miƙar da babur ya sa shi tsayawa kamar an ɗaure. Birkin gaba a nan ka rabu da shi, in kan yana juye ka matsa shi babur a take zai kife. Wajen juyawa ka bar babur ya kwanta ciki kai kuma ka zauna a tsaye nauyinka a waje, ka juya kai ka kalli bayanka inda zaka. Jan ƙafa a ƙasa kuwa ba ya ƙara komai sai haɗari, don in ka yi haka kaga ka cire ƙafa daga birki, ka saki tanki, ga kuma yiwuwar ta maƙale a wani abu.

Ita rawar kan da ka ambata iri biyu ce, kuma injiniyoyi sun daɗe da rarrabe su, wani Bature ɗan Ingila Robin Sharp ya yi lissafinsu tun 1971. Akwai ta gaba, kan ne kawai yake karkarwa da sauri hagu dama sau da yawa a sakan ɗaya, tana yawan zuwa in gaban ya yi sakayau, misali ka murɗa wuta a kan gargada ko ka lafta kaya a baya ko ka saki hannu kana rage gudu. Akwai kuma ta baya wadda duk babur ɗin ne yake lanƙwasa kamar maciji, a hankali take fiye da ta farko amma a babban gudu take zuwa, ita kuma kaya masu nauyi can ƙarshen baya da shokar da ta mutu da taya mara iska su suke kiranta. Duk wadda ta same ka a ciki kar ka ce zaka danne kan da ƙarfi, hannunka bazai taɓa kamo saurinta ba, ƙara mata zaka yi. Matse tanki, sassauta riƙo ba tare da ka saki ba, ɗan sunkuyo gaba, ka rage wuta a hankali, kar ka cafki birki. In ta lafa ka tsaya ka duba babur, kar ka ce ai ta wuce.

Goyo shi ma sashen tuƙi ne. Nauyinsa yana sama kuma yana baya, gaban ya yi sauƙi, birki ya ƙara nisa, kwana ta yi nauyin shiga. Ka ce masa ya matso jikinka, ƙafa a kan mataki ko an tsaya, a kwana ya leƙa ta saman kafaɗarka ta ɓangaren da ake juyawa, shikenan aikinsa. Wanda yake jin tsoro ya miƙe in babur ya kwanta shi yake buɗe maka kwana. Kaya kuma a ɗaure tam, ƙasa ƙasa, kusa da tsakiya, kuma a ƙara iskar tayar baya yadda kamfanin ya rubuta.

Yashi, tsakuwa, laka, fentin titi da murfin ƙarfe in sun jiƙe, da farkon saukar ruwa bayan an daɗe ba a yi ba lokacin da mai ya taso saman kwalta, duk dokarsu ɗaya, ka ratsa su babur a tsaye, wuta daidai, ba birki ba kwanciya. In dole ka rage to kafin ka shiga. A cikin yashi kan zai yi ta 'yan kaɗe kaɗe, ƙyale shi, hanya yake nema, ka ja nauyinka baya kaɗan ka riƙe wuta ka kalli can gaba. Rami ko tudu in ba makawa sai ka taka, saki birki kafin taya ta isa don shoka ta samu wurin nutsewa, ka ɗan ɗaga mazaunai ƙafafu su sha dukan. Iskar babbar mota in ta buge ka ma hannun nan dai mai laushi, ka ɗan tura mariƙin ɓangaren da iskar take fitowa.

Ka samu fili mai kwalta da ba motoci, da hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufi, ka jera robobin ruwa shida a layi tazarar taku goma sha biyu tsakaninsu, ka riƙa saƙa su a giya ta biyu kana faɗa a bakinka tura dama, tura hagu, idonka kan robar gaba ba wadda kake wucewa ba. In ka gaji da wannan ka ja layi a ƙasa ka riƙa zuwa a kilomita 30 kana tsayawa da birki biyu, kana sa alama inda ka tsaya, sai alamar ta daina matsowa sannan ka ƙara zuwa 40. Sati biyu kana yin rabin awa, sannan ku koma kwanar nan kai da abokin naka, ka bar shi a gaba da tazara mai kyau, ka lura da inda fitilar birkinsa take mutuwa da inda kansa yake kallo.